Shekarar da Kaka Ta Ɓoye Dutsen Niƙa

A gidanmu na Fagge akwai wani dutsen niƙa mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi. Na Kaka ne, uwar babana. Shi kaɗai ta gada daga tata uwar, kuma ko kallon banza ka yi masa sai ka ji a jikinka.

Wata rana, gab da damina, aka fito da shi zaure don mai sassaƙa ya dawo masa da kaifi. Sai ga abokin Baba, wani ɗan Ibo daga Sabon Gari da ke sayen yadi a wurinsa. Ya taɓa aiki da masu haƙar kuza a Jos, kuma in ya ga dutse sai bakinsa ya buɗe. Ya tsuguna yana shafa shi, ya ce asalin wannan laka ce da yashi da suka kwanta a gindin ruwa. Da ƙasa ta matse za ta tayar da manyan tsaunuka, sai ta danna su can ciki, zafi ya narkar da su, suka huce a hankali har suka zama haka.

Ni kuwa tun ina yarinya magana ba ta kwana a cikina. Na ruga na kai wa Kaka, amma rabin labarin na riƙe: dutsenta laka ne.

Nan take Kaka ta tsorata. A daminar baya ta ga yadda ruwan sama ya kwantar da katangarmu ta baya. Kafin la'asar ta sa an gangara da dutsen ɗakinta, an tura shi ƙarƙashin gado, an lulluɓe da tabarma. Ta hana a wanke shi, ta hana a yi markaɗe a kansa. Baba ya yi bayani har ya gaji, ta ce shi yadi ya sani.

Ni abin ya ƙare a kaina. Kullum da ƙwarya a ka zuwa injin niƙa na Sabon Gari, ga layi, ga taɓo, in dawo Kaka ta ɗanɗana tuwo ta ce ƙarfe take ji. Haushi kamar ya kashe ni.

Da labari ya kai wa mutumin, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya nemi izinin shigowa ya gaishe ta. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya nuna randar da ke tsakar gida.

"Mama, wannan da me aka gina ta?"

Ta ce da yumɓu mana.

"To, tun da ta sha wuta, ruwa ya taɓa mayar da ita laka?"

Kaka ta daɗe tana kallon randar. Can ta ce a ba baƙo fura.

Da hadari ya haɗo washegari, ita da kanta ta ce a fito da dutsen. Ruwa ya yi ta dukansa, tana tsaye a bakin ɗaki ba ta ko ƙifta ido. Da aka ɗauke, ta je ta danna shi da yatsa, ta ji yana nan daram, ta kwashe da dariya. Na ce da ma a ce ya narke, ai akwai wani a kasuwa. Sai ta kama hannuna ta sa a kwarmin tsakiyarsa, inda ruwa ya taru.

"Na kasuwa ba shi da wannan," in ji ta. "Hannun uwata ne ya ci nan."