Sandar Kawu Ilu

Kawu Ilu bai taɓa yarda ya bi bayan kowa ba. Kun dai san shi: jar hula, da sandar mopa da ya shafa wa fenti ruwan zinari, kullum shi ne a gaba, ko da bai san inda za a ba.

Wani Bature da ya yi wa tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ta birnin Riyad ne ya jawo mana. Shi ya ba shi labarin wata sarautar ƙasarsu, wai sherif. A da, sherif ke kama ɓarayi, ya tara wa sarki haraji a gundumarsa. Aka yi ta zare masa iko, har ya rage sai ado da rakiyar manyan baƙi.

Kawu ya dawo gidanmu na unguwar Utaiƙa ya ce, "Sarautar da ba a tsine wa mai ita! Na karɓa."

Ran da Habu direba da abokin ɗakinsa suka kaure da faɗa kan na'urar sanyaya ɗaki, na ruga na kira shi.

"Kawu, zo ka raba su!"

"An karɓe wannan daga hannunmu tun zamanin kakannin Turawa. In sun shirya, ka kira ni in tsaya a hoto."

Wa'adin sarautar shekara guda ne, in ji shi. Don haka duk bayan Sallah sai ya ajiye sandar a tabarma ya ce, "Wa ke so?" Wata shekara Habu ya miƙa hannu. Kawu ya take sandar.

"Tambayar al'ada ce, ja'iri! Ba a amsawa."

Aiki ɗaya ne bai ɗauka da wasa ba. Duk Bahaushen da ya rasu a Riyad ba dangi, ko kafil, wato ubangidan da Kawu ke zaune a ƙasar da sunansa, ya ba da izini ko ya hana, Kawu na gaban makara har maƙabartar Al-Oud. "Babban baƙo ne," yakan ce, "ba ya tafiya ba rakiya." Sau ɗaya, muna dawowa, ya tambaye ni a hankali, "Ran tawa fa, wa zai shiga gaba?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

Da tasa ta zo, Habu ya ajiye sandar a tabarma, ya dube mu.

"Wa ke so?"

Ban amsa ba, tunda ba a amsawa. Na dai ɗauka na shiga gaba. Ranar kaɗai Kawu ya bi bayan wani.

Allah Ya karɓi baƙuncinka, Kawu, Ya sa ka tarar da masu tarba.