Wa Kike Bar wa Makulli?

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane da jaka a kafaɗa. Wani ofishin binciken ra'ayin jama'a ke ba ta takardun tambayoyi, ta bi gida-gida tana karantawa, tana zagaye lambar da mutum ya zaɓa. Ɗaya na nufin "sam", biyar kuma "ƙwarai". Baba kan ce tun tana rarrafe take da bin diddigi, ga shi ya zame mata sana'a. Ni ƙanwarta ce, tela, kuma abin da na sani game da aikin shi ne takalminta ba ya wata huɗu, hannun jakarta kuwa na ɗinke shi ya fi sau goma.

Yaya ba ta da saurin fushi, ni aka bar wa wannan gadon. Shi ya sa ranar da ta shigo shagona ta zauna kan buhun ƙyallaye ranta a ɓace, na tsayar da keke.

"Wai gindin bishiya na zauna na cike takardu da kaina," in ji ta.

Sabuwar shugabar sashensu ce ta faɗa, wata mai tabarau da ko ni na girme ta. Tambaya ta tara a takardar cewa take, "Yaya yardarki da maƙwabtanki?" Gida arba'in a unguwar bakin kogi, inda tsofaffin mazauna gari suke, duk biyar suka zaɓa. A benayen ma'aikatan masaƙa kuwa, mutanen da suka taso daga nesa da iyalansu, daga ɗaya sai biyu. Shugabar ta ce mutane ba sa amsa baki ɗaya kamar 'yan aji. Ta ba Yaya zuwa Litinin: ko ta kawo hujja, ko ta ajiye katin aiki.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ko maɓalli ta tsinta a shagona sai ta miƙo min, ita za a kira maƙaryaciya?

"Tashi ki nuna min ita," na ce.

"Ajiye almakashin tukuna, Auta. Yarinyar ba ta yi wauta ba. Da ni ce a kujerarta, zaton da zan yi ke nan."

Maimakon ta rubuta takardar kare kai, sai ta roƙi shugabar ta sa takalmi maras tsini ta biyo ta. Abin da ya faru, daga bakin Yaya na ji shi.

A bakin kogi wata tsohuwa ta buɗe musu ƙofa mai kwaɗo biyu da sakata. Aka zo tambaya ta tara, ta ce biyar ba tare da ta yi tunani ba. Ana cikin haka ta jiyo muryar maƙwabciyarta a waje, ta miƙe ta shigo da bokitinta da takalman baƙi ciki. Shugabar ta tambaye ta dalili.

"'Yata, ai ba a ɓata maƙwabci a gaban baƙo," in ji tsohuwar. "Abin da ke tsakaninmu namu ne. Ki bar biyar ɗin nan yadda take."

A benen masaƙa, hawa na uku, suka tarar da wata mata tana guga da goyo a baya.

"Ɗaya," ta ce. "In da sifili ma ki ba ni. Mutum abin yarda ne?"

Yaya ta nuna wa shugabar bayan ƙofa da ido. Makullai ne damƙi biyar rataye a ƙusa.

"Na maƙwabta ne, suna aikin safe," in ji matar. "Nawa ma jiya wajensu ya wuni. Wannan na bayana ɗan maƙwabciyata ta ƙasa ne."

"To me ya sa kika ce ɗaya?" in ji shugabar.

"Mu a wajenmu, wanda ya yabi mutum a fili, ko bai san duniya ba, ko yana neman wani abu."

Shugabar ta zauna a matakala ta cire tabarau. Ta ce ashe biyar ɗin can da ɗayan nan ba da ma'auni guda aka auna su ba. Yaya ta ce ta yi shekaru tana rubuta haka a bayan takardu, ba mai juyawa. Nan take shugabar ta juya takardar da ke hannunta, sai ga rubutun fensir: "Ta ce biyar, kwaɗo biyu a ƙofa."

Ranar Litinin ta ba Yaya haƙuri a gaban kowa. Ba a cire tambaya ta tara ba, amma an ƙara wata a ƙarƙashinta: "In za ki fita, wa kike bar wa makulli?" Yaya ta ce ita ma wannan tambayar ba ta gama magana ba, don ta riga ta gamu da gidajen da ƙofarsu labule ne, ba makulli. Yanzu dai ana juya takarda, kuma kafin a buga sabuwar tambaya sai an zauna da masu bin gida-gida irin su Yaya an ji ta bakinsu.

Ni ban huce da wuri ba, na fi wata ina kiran shugabar Tabarau. Sai ga ta wata safiya a ƙofar gidanmu da akwati, za ta yi tafiyar sati biyu. Ta gaida Baba har ƙasa, sannan ta ciro makullin ɗakinta.

"Yaya, ga shi. Don Allah ki riƙa leƙa min, akwai furanni a taga."

Yaya ta karɓa ta rataye a ƙusar da take rataye jakarta. Bayan matar ta tafi na zungure ta.

"To, wannan biyar ta ba ki ko ɗaya?"

"Ban tambaye ta ba," in ji Yaya, idonta ya kawo ruwa tana dariya. "Ga shi nan a ƙusa."