Layar da Na Ɗaure a Injin Kawu

Shekara goma sha tara ina gyaran motar Kawu, kuma a tsawon shekarun nan babu mahalukin da ya sa mata kile, wato sifana, sai ni. Tsohuwar kamiyo ce, babbar motar kaya mai shan isansi, wato fetur, silinda shida, ta girmi ɗana na fari. Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, da kansa yake tuƙa ta, yana kwaso albasa daga Tamaske zuwa Madawa. Duk Alhamis sai ta shigo garajina in duba ta. Ko cikin motoci goma ta taho, daga kwanar kasuwa nake gane kukanta.

Ƙanena kuwa ni na koya masa riƙe kile, da hannun nan nawa. Ya tafi Abijan cin rani, ya share shekara bakwai, ya dawo da tumbi da agogo, ya rasa inda zai buɗe garaji duk faɗin Madawa sai tsallaken titi, ido da ido da nawa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. In aka tambaye ni sai in ce ai arzikin ƙane na wa ne. Ƙarya nake. Ko hayaniyar dariya na jiyo daga rumfarsa sai shayi ya fita kaina. An ce kishi kumallon mata ne, to wanda ya faɗi haka bai taɓa zaman garaji ba. Abin da ya rage mini na tinƙaho shi ne motar Kawu, don duk gari an san ba ta tsallake titin nan.

A kakar albasar wata shekara sai ta fara ɗingishi. In tana tsaye a gabana, kukanta sumul. Da an loda mata buhuna ta kama hawan dutse, sai silinda ɗaya ya ɗauke, ta riƙa kakkarwa tana tari. Na canza buji, wato fulogi, duka shida. Ta koma ta dawo da ciwonta. Na kwance karbireta na wanke, na buɗe delko mai raba wuta na goge. Da na rasa ta cewa sai na ɗora wa isansin kwalba na bakin titi laifi. Kawu ya daina shan shi, amma ba ta sake zane ba. Ranar da ta ƙi hawa a hanyar Buza, sai da aka sauke rabin kaya, albasa ta yini a rana.

Alhamis ɗin da ta biyo baya Kawu ya shigo, bai ko zauna a benci ba.

"Aika a kira mini ƙanenka," in ji shi.

"Kawu, ku ba ni yau kaɗai."

"Yau nawa na ba ka? Ba na ce ka kasa ba. Ido huɗu ya fi biyu."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ban aika kowa ba, Kawu da kansa ya ɗaga hannu ya yafito shi. Ƙanena ya tsallako yana goge hannu da tsumma, ya durƙusa ya gaida Kawu, ya juyo gare ni.

"Yaya, me kuka duba?"

"Komai," na ce masa. "Sai dai in ka zo da wani silinda na bakwai daga Abijan."

Ya tada inji, ya karkata kai yana saurare. Ni kuwa ina gefe na harɗe hannu, kuma Allah ya gafarta mini, addu'a nake kada ya gano. Albasar kawuna ce fa ke ruɓewa, na sani sarai, amma a lokacin na gwammace ta ruɓe.

Bai ɗauki kile ko ɗaya ba. Butar alwalata ya ɗauka. Ya jawo tamfol ɗin da ake rufe kaya, ya yafa a kan kapo, murfin injin da ke buɗe, har ƙasa, ya shige ciki. Masu shan shayi a rumfata suka matso suna dariya, wani ya ce yau mota za a yi wa wankan jego. Can sai na ji muryarsa daga ciki.

"Yaya, shigo ka riƙe mini nan."

Na shiga ina huci. Ciki duhu, ga zafi, ga ƙarar inji, kawunanmu na gugar juna. Ya cika baki da ruwa ya fesa a kan wayoyin buji. Nan take injin ya fara ɗingishin nan da ya ƙi yi a gabana wata guda. A cikin duhun sai ga wuta shuɗiya, ƴar ƙarama, tana tsalle tas, tas, tas daga waya ta huɗu. Na bi ta da ido in ga inda take sauka.

A kan laya take sauka. Shekaru da suka wuce motar ta taɓa ƙwacewa a gangare, Allah ya tsare, sai Kawu ya karɓo laya wajen malaminsa ya ce in ɗaure a cikin inji. Na ce zare zai ƙone, na yi dabara na ɗaure ta da wayar tagulla a jikin ƙarfen da ke riƙe wayoyin buji. Har yabon kaina na yi ranar. Girgizar hanyoyin dutsen nan namu ta sa bakin tagullar ya yi ta cin robar waya ta ƙasa, inda ido ba ya kai, har ya huda ta. In mota ta ɗauki nauyi, wutar da za ta je buji sai ta bi hanya mai sauƙi. Sau nawa na ture layar nan da bayan hannu ina canza buji, ban taɓa ɗaga ta ba, don kayan malam ne, kuma ɗaurina ne.

Ƙanena ya san ɗaurina, ai ni na koya masa irinsa. Ya dube ni, na dube shi. Ya kashe inji, ya warware tagullar, ya danƙa mini layar a tafin hannu, sannan ya yaye tamfol.

"Kawu, waya ta huɗu ce ta huje," in ji shi. "Yaya ne ya gan ta. Ni ruwa kawai na fesa."

Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "To, wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi." Masu shayi suka ce gaskiya ne. Na sa sabuwar waya, na ɗaure layar da tsirkiyar fata can nesa da wuta. Aka loda mota, ta haye dutse ba ko tari. Ƙanena ya tsallake titi ya koma rumfarsa, bai ko tsaya shan shayi ba.

Ya kamata in ji daɗi. Abin da na ji shi ne haushi, wanda ya fi na farko. Da ya tona ni a gaban mutane, da na samu abin riƙewa, in ce yaro ne marar kunya. Sai ya zamana gyara ya fi ni, hali ma ya fi ni, kuma ya bar ni ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Na yi niyyar in tsallaka in ce masa na gode. Sati ya wuce ban tsallaka ba.

Alhamis ta zagayo. Tun hantsi kunnena na kan kwanar kasuwa. Na ji kukanta, shida cif, ta taho ta rage gudu a tsakanin garajin biyu. Sai ta karyo wajena. Na duba mai, na duba ruwa, na ɗaure abin da ya kwance, ina yi ina satar kallon tsallaken titi ko yana gani.

Kawu ya hau, ya tada ta, har ya sa giya, sai ya leƙo ta taga ya yi ƙasa da murya yadda masu shayi ba za su ji ba.

"Nan zan ci gaba da kawo ta, kada ka damu. Ƙanenka ne ya roƙe ni. Amma in ta sake ɗingishi, kada ka ɓata mini wata guda. Ka ɗauki butarka ka kai masa."