Jinyar Tumatir a Fadamar Kawu

Kawuna na Danja mutum ne mai tausayi, har tumatir ma yana tausaya wa. Wani rani ganyen wasu 'yan shuke-shuke a fadamarsa ya nannaɗe ya yi rawaya. A gabana maƙwabcinsa ya ce, "Alhaji, tuge su ka ƙone. Farin ƙuda ne ke kwasar cutar yana kai wa masu lafiya."

Kawu ya harzuƙa. "Ni in ƙone mara lafiya?" Ya ƙara musu taki, yana leƙa su safe da yamma.

Ƙudajen ma ba su fasa zuwa dubiya ba, daga nan su zaga gaida sauran. Kafin a fara tsinka, duk fadamar ta kwanta. Har yau in na tsokane shi, cewa yake maƙwabcin nan baki gare shi.