Mai Ƙanƙarar da Kaka Ta Ƙi Tambayar Sunansa

Takardar ta shigo gidanmu ne a naɗe da soyayyen kifi. Babana ya je kasuwar Jega ya riƙo mana tsaraba, mai kifin ya ƙunshe masa a wani yagaggen shafi na littafin zane-zanen Turawa. Da aka cinye kifin na yi wuf na ɗauke takardar kafin akuya ta riga ni. A jikinta akwai zanen wani dogon mutum mai shuɗin kaya, fuska fari fat, ya miƙa hannuwa ƙanƙara tana fita daga tafinsa, mutane suna ta gudu. Inda ya kamata a ga sunansa maiƙon kifi ya ɓata, sauran kuma an yage. Na kai wa malaminmu na firamare, ya jujjuya ta ya ce ya san wasu daga cikin irin waɗannan mugayen, amma wannan kam bai taɓa jin ɗuriyarsa ba.

Mu mutanen garin Kashin Zama albasa ce abincinmu da suturarmu. Idan damina ta zo ƙarshe ake yafa iri a komaye, wato 'yan fangalin renon shuka, a yi ta lallaɓa shi har ya isa dashe a fadama. A shekarar da nake ba da labari, Baba ya yafa duk irin da ya tara, bai rage ko ƙwaya ba. Ya fito gwanin sha'awa, siri-siri, kore shar. Sai wata la'asar hadari ya taso daga gabas ya sako ƙanƙara. Mu yara muna ta tsinta muna tsotsa muna murna, ba mu san abin da take yi wa gonar ba. Washegari komayen nan sun kwanta kamar an bi su da taɓarya.

Baba ya dawo gida bai ci tuwo ba. Na ji yana gaya wa Inna, mahaifiyata, cewa ya haƙura. Zai kifar da komayen, ya bar wa wani maƙwabcinmu fadamar, shi kuma ya bi motar kudu neman abin yi. Fadamar nan kakana ne ya sare ta da hannunsa. Ni dai abin da na fahimta shi ne Baba zai tafi, kuma na ga waɗanda suka tafi ba sa dawowa da wuri.

Kaka Tumba, mahaifiyar Baba, ita ce mai tatsuniyar gidanmu. Da an idar da magariba take jawo kujerarta bakin murhu, ta tura gyaɗa cikin garwashi, mu kewaye ta. Mace ce 'yar firit mai kaifin baki, ba ta taɓa cewa “to” ga abin da ba ta yarda da shi ba. Ranar nan na miƙa mata takardata don kawai in ji abin da za ta ce. Ta matsa da ita kusa da wuta, ta ƙanƙance ido.

“Kai, maigidana, ina kas samo wanga?” in ji ta, don haka take tsokanata. “Ai na san shi. Shi na yaz zo muna jiya.”

Na ce, “Kaka, mi a sunanai?”

“Ba ni tambaya, kai ma kak ka tambaya. Ku gyara kunnuwa, ga wata ta taho.”

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Sai daga baya na gane dalili: Baba yana zaune a bayan zana, ya yi tagumi.

Ta ce an yi wani mutum da ya je wurin aljanu neman abin da zai sa a ji tsoronsa, suka ba shi sanyi a tafin hannu. Duk abin da ya nuna sai ya daskare. Ya shiga manyan birane yana ɓarna, amma can mugaye sun yi yawa, ba wanda ya kula da shi. Abin ya ci masa rai. Sai ya gangaro ƙauyuka, inda yake ganin za a fi saurin razana. Duk garin da ya shiga zai daskarar da rijiya, ya kwantar da shuka, sannan ya tsaya a dandali ya ce a tambaye shi sunansa. Wanda duk ya tambaya ya ji, sai sanyin ya shiga zuciyarsa, ya tattara kayansa ya bar garin, yana tafe yana yaɗa sunan.

Ana nan ya iso wani gari ya yi yadda ya saba. Kowa ya tambaya, kowa ya gudu, saura wata tsohuwa mai komi ɗaya na albasa. Ya nuna komin, shukar ta kwanta. Tsohuwa ta dube shi ta ci gaba da hura wutarta. Ya ce, ba za ki tambayi wanda ya yi miki haka ba? A nan Kaka ta miƙe zaune, ta zama tsohuwar da kanta.

“Tac ce mashi, in tambaye ka don mi? Kai dai abin da ad bisa kaka iya bugu. Abin da ac cikin ƙasa, hannunka bai kai nan. Zamna, mu ga wa ka riga wani tashi.”

Ya zauna. Kwana ɗaya, kwana biyu, yana jira ta buɗe baki. Ita kuwa kullum sai ta ɗebo ruwa ta zuba wa komin da kowa ya ce ya mutu. Rana tana dukansa yana raguwa, yana roƙonta ta tambaya ko da sau ɗaya ne. Ran kwana na bakwai kore ya leƙo daga ƙasa, shi kuma ba abin da ya rage nasa sai ɗan danshi, ta jawo shi da fartanya ta shayar da albasarta.

“Nan tatsuniya ta tsaya,” in ji Kaka, tana tono gyaɗarta daga toka. Sannan ta juya wajen zana. “Umaru, na san kana ji na. Kwana bakwai nika roƙo. Kak ka taɓa komayen ga da garma. In ba ka iya ban ruwa, ni da maigidana muna yi. In ko tahiya za ka yi, tahi, amma hwadamar ubanka ba a ba kowa ina da rai.”

Baba ya tashi ya shige ɗakinsa. Da safe Kaka ta ɗauki tulu, zane a ɗaure tamau, ta nufi fadama, ina biye da ita. Mutane suna wucewa suna yi mana kallon waɗanda suka zautu. Kwana biyu muna zuba ruwa a kan ruɓaɓɓen ganye. A na uku Baba ya zo ya karɓi tulun daga hannunta, bai dubi kowa ba. Ba zan yi ƙarya in ce duka ya tashi ba. Wajen rabi ne ya sake tofo, don ganyen ne kawai ƙanƙara ta farfasa, saiwar tana nan da ranta. Rabin nan muka dasa. Ba mu yi wata albasar a zo a gani ba a shekarar, amma mun ci, mun rage iri, kuma Baba bai hau motar kudu ba.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, fadamar kuma tana hannuna. Na ga shekarun da ruwa ya cinye mu, na ga waɗanda albasa ta ruɓe a rumbu. Duk lokacin da abu ya kwanta, sai na ji ana so in zauna in yi ta maimaita abin da ya same ni har in yarda an gama da ni. Ni kuwa na taso a hannun matar da ba ta ba ɓarna wannan girman ba. Nakan jira kwana bakwai ina ban ruwa kafin in yanke hukunci.

Takardar tana nan cikin akwatina. Kwanakin baya 'yata Safiya, da ke karatu a Aliero, ta gan ta, ta ɗauki hotonta da waya ta yi ta bincike. Can ta yi dariya ta ce ta same shi: sau ɗaya ko biyu kawai aka taɓa zana shi, har masu littafin sun manta da shi.

“Baba, ga sunanai nan, in karanta maka?”

Na karɓi takardata na ninke ta. Na ce, “A'a, uwata, bar shi. Gidanmu ba a tambaya.”