Labarin Ƙasa a Bakin Keji

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare kafin in zama direba a Riyad. Ba don a ji tausayina nake faɗa ba. Wanda ya san taswira bai cika ɓata a hanya ba, kuma maigidana ya yaba da haka tun makon farko. Ɗakina a jikin katangar gidan yake, a unguwar Suwaidi, ƙofarsa tana kallon titi kamar ta kowane direba a garin: kana cikin gidan, amma ba ta gidan kake shiga ba. Katifa ce a ciki, da darduma, da butar shayi, sai na'urar sanyaya ɗaki mai tari irin na tsohon mashayin taba.

A shekarata ta huɗu, 'yar maigidan ta dawo daga karatu a Turai da digiri da kuma ra'ayi. Digirin aka rataye a falo. Ra'ayin kuwa cikin kwali ya iso: ɗan kwikwiyo fari, kunnuwa a zube, bai fi tulin auduga ba. Kare a Suwaidi! Uwarta ta rantse ba zai taka mata kafet ba. Aka yi sulhu, aka ajiye shi cikin kejin ƙarfe a wani ɗaki na tsakar gida, wanda bangonsa ɗaya ne da na maƙwabci. Bayan kwana goma gidan kaf suka tafi hutun zafi na wata biyu, har da mai aikinsu. Ni aka bar wa makullin tsakar gida, da buhun abincin kwikwiyo, da takarda.

Takardar da Turanci take, an jera dokoki da lamba. A ciyar da shi sau uku. A fito da shi safe da yamma. Daga azahar zuwa la'asar ya zauna a keji, domin daɓen tsakar gida a lokacin yana iya gasa gurasa, in kuma an sake shi a ɗaki wayar lantarki yake tauna. Doka ta huɗu an ja mata layi biyu: in ya yi kuka, kada ka je. In ka je, zai koyi cewa kuka yana kawo mutum.

Na karanta a matsayina na tsohon malami, na ga babu kuskuren nahawu, na amince.

Da dare ba ya damun kowa. Ya gaji da guje-gujen yamma, sai ya bingire. Rana ce matsalar. Da zarar na tura sakatar keji bayan azahar na ja ƙofa, sai ya fara. Ba haushi ba ne, bai kai wannan matsayin ba tukuna. Wani siririn sauti ne kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba, ana buɗe shi ana rufewa ba hutawa. A wannan sa'ar kuwa Riyad mutuwa take yi. Shaguna a rufe, titi ba ko kyanwa, ƙarar na'urorin sanyi kaɗai ke fita ta tagogi. A cikin wannan shirun kukan yake ratsa bango kamar allura.

Ran Alhamis, bayan sallar la'asar, na tarar da maƙwabcinmu tsaye kusa da takalmana. Dattijo ne da ya daɗe da barin aikin gwamnati, gemunsa ja da lalle, kullum a sahun farko.

"Ya sadik," in ji shi, don haka suke kiran duk baƙon da ba su riƙe sunansa ba, "wannan abin da ke kuka, naka ne?"

"Na gidanmu ne, ya ammi," na ce, wato baffana.

"Shekara arba'in ina barci tsakanin azahar da la'asar. Aiki bai hana ni ba, jikoki ba su hana ni ba. Sai yanzu, saboda kare?"

Na ba shi haƙuri. Ya ce haƙuri yana da shi, barci ne ba shi da shi. Kafin magariba ya kira maigidana, maigidana kuma ya kira ni. Ina jin ƙarar ruwan sama a bayansa.

"Na roƙe shi ya ba mu zuwa Juma'ar sama," ya ce. "In ya sake kawo ƙara bayan nan, ka sa kejin a mota, ka fita bayan gari cikin sahara, ka buɗe, ka dawo. Khalas, shi ke nan. Ni zan ce mata ya gudu."

Na ce, "Hadir." Ita ce kalmar da na fi ƙwarewa a kai a Larabci: to, an gama.

Amma ni na koyar da sahara. Na zana ta a allo, na ba da jarrabawa a kanta. Na san awa nawa tulin auduga zai yi a can a watan Yuli.

Washegari Juma'a. Kamar kullum, bayan masallaci na nufi ɗakin wani abokina, mutumin Damagaram, shi ma direba, inda mu biyar ko shida muke haɗuwa mu ci tuwon semo da miyar kukar da wani ya taho da ita daga gida. Ina zama ya miƙo hannu ya tsinci wani farin gashi a kafaɗar jallabiyata, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Malam, an yi sabon aure ba a gayyace mu ba? Kuma Baturiya?"

Na ba su labari. Sai da wani ya ƙware don dariya.

"Daga alli zuwa sitiyari, daga sitiyari zuwa reno," in ji mai ɗakin. "Malam, ilimi bai yi maka ƙarya ba, gaba kake ta yi."

"Ya je ya wanke hannu sau bakwai kafin ya sa mana a kwano," in ji wani daga gefe.

"Kai, bar shi, mu 'yan Malikiyya ne. Ci tuwonka, Malam." Mai ɗakin ya yanko loma, ya tsaya. "Amma ni takardar nan ban gane mata ba. A garinmu ban taɓa jin kwikwiyo na irin wannan kuka ba, don ba a kulle shi shi kaɗai. Wa aka taɓa kullewa shi kaɗai ya yi shiru?"

Muka ci gaba da cin tuwo.

Daga nan na kira gida, don ranar kira ce. Matata ta ba ni labarin ruwan da aka yi da katangar da ta tsage, sannan ta miƙa wa 'yarmu. Shekararta huɗu lokacin da na taho, yanzu takwas, sau ɗaya na je hutu a tsakani. A farkon zuwana kullum nake kira, kullum kuma in za a kashe sai ta fasa kuka: Baba yaushe za ka dawo? Har uwarta ta ce, "Malam, ka rage kiran nan. Kai kashewa kake yi ka kwanta, ni ake bari da rarrashi." Na rage zuwa bayan kwana biyu, sannan bayan uku, sannan Juma'a kaɗai. Dabarar ta yi aiki.

"Baba ina wuni. Ya aiki?"

"Lafiya lau, uwata. Ya hutu?"

"Lafiya. Ga Umma."

Yarinya mai ladabi. Haka nake faɗa wa abokaina, da alfahari.

Da na dawo Suwaidi, tun daga bakin layi na jiyo shi.

Ba zan ce ban gwada bin doka ba. Kwanakin farko na zauna a ɗakina da agogo a hannu, ina jiran ya gaji. Awa ɗaya da minti arba'in ya yi, ni na gaji. Na lulluɓe kejin da tsohon zanin gado, ya jawo shi ta tsakanin ƙarafa ya mai da shi tsumma. Na kunna masa rediyo, tashar da ake kira ana musu kan ƙwallo. Minti uku ya saurara, ya gane babu kowa a ciki, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ran Asabar na karya doka ta huɗu. Don in rage laifi, na shiga ban kalle shi ba, na zauna a ƙasa na juya wa kejin baya. Bai daina ba, sai ma ya ƙara da tonon ƙarfe. Ban san lokacin da na ce, "Kai! Shiru a aji!" ba.

Muryar ta ba ni tsoro. Ta aji ce, wadda ke kaiwa bencin ƙarshe ba tare da ihu ba, kuma rabona da jin ta tun ranar da na ajiye alli. Shi ma ya yi tsit, ya karkatar da kai. To, malami in ya sami shiru ba ya barinsa ya tafi a banza. Na gyara zama na ce, yau za mu yi Kogin Kwara.

Na gaya masa yadda kogin ya taso daga tsaunukan Gini, teku na nan kusa da shi, amma ya juya mata baya ya nufi arewa, ya shiga ƙasar rairayi kamar wanda aka yi wa alkawarin aiki a can. Ya yi ta tafiya har Tambutu kafin ya gane, ya lanƙwasa ya kamo hanyar kudu. Duk da Hausa, da misalai, har da tambayar ko akwai wanda bai gane ba. Kafin kogin ya iso Yawuri, ɗalibina ya yi barci. Ban ji haushi ba. 'Yan bencin baya sun riga sun horar da ni.

Sai dai zama da shi ba magani ba ne, don ba za a bar ni in yi ta zama ba in masu gida sun dawo. Na koma ga abin da kowane malami ya sani: ka ba aji aiki, ka koma baya, daga baya ka matsa bakin ƙofa, daga nan ka fita su ɗauka kana nan. Ran Lahadi daga bakin ƙofa na yi darasin damina da iskokinta. Ran Litinin na sa masa tsohuwar hulata a keji, na tsaya a waje cikin 'yar inuwar bango, ina magana ta ƙofa a buɗe kaɗan. Ran Talata na fara yin shiru: minti biyu, in dawo da magana, minti biyar, in dawo. Sirrin shi ne in dawo kafin ya fara kuka, ba bayan ya fara ba. Ashe takardar ta yi gaskiya, rabin gaskiyar ne kawai ba ta rubuta ba.

Ran Laraba motar masu gas ta tsaya a layinmu, suka yi ta jefar da tukwane a kan kwalta. Ya farka ya yi kukan minti goma kafin in shawo kansa da tafkin Cadi. A masallaci na haɗu da dattijon. Yatsu biyu ya ɗaga min, wato saura kwana biyu.

Ran Juma'a na sa shi a keji da wuri, na yi masa taƙaitaccen bayani kan duwatsun Jos, na tafi masallaci. Ban je cin tuwo ba. Na dawo na buɗe ƙofar tsakar gida a hankali, na cire takalma don kada ya ji, na tsaya a bayan ƙofarsa na kasa kunne. Ba komai, sai ƙugin na'ura. Na tsaya har daɓen ya fara cin tafin ƙafata, na ɗaga wannan, na ɗaga waccan. Shiru har kiran la'asar.

"Ka kai shi sahara ne?" in ji dattijon a bakin masallaci.

"Yana nan, ya ammi."

"Masha Allah." Ya dube ni sosai, karo na farko ina jin. "Kai ka iya tarbiyya."

Da yamma ya aiko min da faranti na dabino. Maigidana kuma ya turo min hoton babban yatsa.

To, kwikwiyo ya tsira, dattijo ya koma barcinsa. Ni ne na rasa abin yi da azahar. Sai in kwanta a katifa ina kallon silin, kunnena yana tsakar gida, ga darasin Binuwai na shirya tsaf tun daga Kamaru har Lakwaja. Kwana uku ban ji ko tari ba. A na huɗu na tashi na je na buɗe ƙofarsa, ba tare da wani dalili ba. Ya ɗago kai daga kan hulata, ya kaɗa wutsiya sau ɗaya cikin ladabi, ya mai da kai ya rufe ido.

Na daɗe a tsaye. Na san wannan gaisuwar.

Na koma ɗaki na ɗauki waya. Talata ce.

"Malam, lafiya?" in ji matata. "Yau ba Juma'a ba ce."

"Lafiya lau. Ba ni ita."

Na ji ana kiranta daga waje, na ji takun silifa.

"Baba ina wuni. Ya aiki?"

"Lafiya, uwata. Tsaya, kada ki ba Umma tukuna. Kin san daga inda Kogin Kwara ya taso?"

"A'a."

Na fara. Na bar muryar aji, na yi da ta gida, ko abin da ya rage min daga cikinta. Tana cewa "to" a inda ya kamata, sau ɗaya ma ta tambaya me ya sa bai shiga tekun ba tunda ga ta nan kusa. Na ce ban sani ba, ƙasar ce ta gangara da shi haka. Muna isa Tambutu na ji wata yarinya na ƙwala mata kira daga nesa.

"Baba, ga Umma."

Da muka gama, na jawo takardar dokokin nan, na juya bayanta, na rubuta Tambutu, don in san inda muka tsaya.