Kwana Biyun da Akuyata Ta Yi a Garkar Mai Unguwa

Akwai abubuwan da na manta da gangan, akwai waɗanda shekaru suka goge mini, amma kwana biyun da akuyata ta yi a tsare a garkar Mai unguwa ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina. Abin da ya tono mini zancen kwanan nan, 'yata ce da ke sakandare a Ƙanƙara ta zo hutu tana yi mini burgar Turanci. Wai kalmar nan ta fam da tsofaffi ke lissafi da ita, a bakin Turawa ba kuɗi kaɗai take nufi ba. Ma'aunin nauyi ce, daka a turmi ma haka suke ce masa, har da garkar da hukuma ke tsare dabbobin da suka yi ɓarna. Tana kawowa nan na ce ta dakata. Na ce wannan na ƙarshen ba sai an karanto mini a littafi ba, da ƙafata na yi karatunsa.

Lokacin ina da sauran ƙuruciya, haihuwata ɗaya, ina aure a wani ƙauye kusa da Mairuwa, a ƙasar Faskari. Al'adar garin ita ce, da zarar ruwa ya sauka shuka ta tsiro, sai a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa. Wadda aka kama a gonar wani, sai a kai ta wata garka da ke bayan gidan Mai unguwa a kulle. Ba ta fitowa sai Mai unguwa da dattawa sun je sun ga ɓarnar da idonsu, sun yanke abin da mai dabbar zai biya. Doka ce mai kyau, har gobe ba na kushe ta, don na san zafin a yi shuka dabba ta cinye. Masu riƙe da dokar ne suka ƙona mini rai.

Akuyar nan ja ce, mahaifiyata ta ba ni ita tana 'yar ƙarama ranar sunan 'yar farina. A duk gidan ita kaɗai ce abin da zan nuna in ce nawa ne ni kaɗai. A daminar da nake ba ku labari ta haifi 'yan uku. Biyu kakkarfa, na ukun kuwa wani ɗan fari mai baƙin kunne, ko tsayuwa bai iya ba sai na tallafe shi na sa masa nonon a baki.

Kwanansu biyu a duniya, da safe, na ga rumfar da take ciki tana yoyo, sai na kwance ta don in mayar da ita gindin rumbu. Igiyar na hannuna na ji kunu ya taso yana zuba a wuta. Na saki na ruga. Kafin in sauke tukunya in juyo, ta bi ta ƙofar baya ta fice. Wannan laifina ne, ban taɓa musunsa ba. Ina leƙawa na hango ta a bakin iyaka, kan ciyawa, wani Alhaji mai gonar masarar da ke bayan gidanmu ya riga ya damƙe igiyar yana janta. Alhajin nan babban mutum ne a garin, mai shanun huɗa, irin wanda in ya yi tari a masallaci har sahu na uku ake yi masa sannu.

Na ɗaga murya daga bakin ƙofa na ce, "Alhaji, don Allah ka yi haƙuri, jego take yi! Ɗiyanta ukku na ciki, shekaranjiya ta haihu."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Jegon ne ya cinye mani kunya goma ta masara? Ki tahi ki hwaɗa ma Mai unguwa."

Ashe ya san abin da ban sani ba. Mai unguwa ya tafi ta'aziyya Sabuwa tun da asuba, sai ya kwana biyu zai dawo.

Da maigidana ya dawo daga gona na tare shi da maganar tun bai ajiye fartanya ba. Mutum ne mai sanyin hali, Allah ya sani, amma ranar sanyin nasa ya ishe ni. Ya sosa ƙeya ya ce, "A yi haƙuri. Alhaji ne hwa, kuma kin san shanunshi muke ara mu yi huɗa."

Na ce, "Malam, ɗiyan akuyar haƙurin za su sha su ƙoshi?"

Sai ya ɗauki buta abinsa. Ni kuwa na zura hijabi, na shimfiɗa tsumma a kwando, na jera 'yan ukun a ciki na ɗora a ka. A garin nan matar aure ba ta zuwa ƙofar Mai unguwa da rana tsaka, amma ranar ban ga kowa a hanya ba, ko da yake kowa ya gan ni.

Wani dattijo ne wakilin Mai unguwa, shi ke riƙe da makullin garkar. Na same shi a kan tabarma a inuwar dalbejiya yana tauna goro. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ya kamata, na ce, "Baba, ba cewa na yi ka sake ta ba. Buɗe mani kawai in sa su su sha, in kwashe abina in tahi."

Ya leƙa kwandon ya daɗe yana kallo, har na sa rai. Sannan ya ce, "Ɗiyata, wagga garka ta masu laihi ce. Waɗanga sun yi ɓarna?"

Na ce, "A'a, Baba. Ko tahiya ba su iya ba."

Ya ce, "To kin gani, ba su da hurumin shiga."

Na ce, "To hiddo ta nan bakin ƙohwa, ka riƙe igiyar da hannunka har su gama."

Ya ce, "Ita kuma ta yi ɓarna, ba ta da hurumin hita."

Wallahi da ba don furfurarsa ba, da na faɗi maganar da za a daɗe ana maimaitawa a garin. Ya ƙara da cewa bara ya taɓa buɗe wa wani, Mai unguwa ya yi masa faɗa a gaban jama'a, shi kuwa ba zai ƙara shan wannan kunyar ba. Wato kunyarsa ta bara ta fi rai uku da ke cikin kwandona nauyi. Duk wannan maganar da muke yi, uwar ta ji kukan 'ya'yanta. An ɗaure ta a turke a tsakiyar garkar, nesa da shinge, tana fizgar igiya tana faɗuwa tana tashi cikin taɓo. Su suna kuka a waje, ita tana kuka a ciki, dattijo yana tauna goronsa.

Na dawo gida na sayi madarar shanu wurin wata Bafillatana, na sirka da ruwan ɗumi, na riƙa tsoma yatsa ina sa musu a baki. Manyan biyun suka kama da ƙyar. Ɗan farin kuwa ya ƙi, sai madarar ta riƙa gangarowa ta gefen bakinsa.

Da la'asar zuciya ta hana ni zama, na ce bari in je in ga wannan ɓarnar da ake ta kururutawa. Ni 'yar garin Pauwa ce, a gidan masu shanu na tashi, tun ina yarinya nake share turke. Ina shiga gonar na tsaya na riƙe baki. Akuya gefen ganye take tsinka ta wuce, ta bar kara a tsaye. Wannan kuwa masarar an tumɓuke ta har saiwa, an tattake kunyoyin. Ga sawun kofato manya-manya da hannuna zai shige ciki. A tsakiyar wurin kuma ga kashin shanu, faffaɗa, ko bushewa bai gama yi ba. Na bi sawun da ido, ya miƙe ta gefen gonar ya nufi bayan gidan Alhaji, inda yake ɗaure bijimansa.

Na ɗaga kai na ga hadari ya haɗo daga gabas. Na san in ruwan nan ya sauka, shaidata ta tafi. Na koma gida da gudu na ɗauko tsohuwar ƙwarya, na kife kashin da ita, na kife sawu biyu da fasassun kwanoni, na ɗora wa kowanne dutse. Maigidana yana kallona na shigo jiƙe sharkaf, ya ce, "Ke yanzu kashin shanu kike yi ma ɗaki?" Na ce masa e, tunda shi ne kaɗai zai tsaya mini a garin nan. Wannan maganar ta yi masa zafi, kuma da niyya na faɗe ta.

Washegari sau biyu ina komawa garka da kwandona, sau biyu ina jin karatun hurumin shiga da hurumin fita. Aka ce mini in mai ƙara ya janye, wakili zai iya buɗewa. Na tafi gidan Alhaji na tsaya a zaure na yi sallama. Ina jin muryarsa a ciki yana dariya da baƙi, amma saƙon da ya fito shi ne magana ta wuce hannunsa. Na koma gida. Bayan la'asar ɗan farin nan ya miƙe a kan cinyata, ya ɗan shure ƙafa sau biyu, shi ke nan. Na yi kuka sosai. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Kan ɗan akuya kike wanga kuka?" Ba mutuwar ce ta fi ci mini rai ba, don kowane mai rai da ranarsa. Abin da ya ci mini rai, nonon da zai raya shi yana nan taku kaɗan daga inda na tsaya da shi, kuma ba wanda zai yi asarar ko ƙwayar gero in an bar shi ya sha.

A safiya ta uku Mai unguwa ya dawo, suka ɗunguma da dattawa da Alhaji zuwa ganin ɓarna. Mata ba sa zuwa, mazansu ke wakiltarsu. Na bi su a baya. Maigidana ya waiwayo ya yi mini alama da ido in koma, na yi kamar ban gani ba. Alhaji yana ta nuna kunyoyi da sandarsa yana bayani, dattawa suna ta girgiza kai suna salati. Na ratsa ta tsakiyarsu, na ture dutsen, na ɗaga ƙwaryar.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni mace ce ban san komi ba. Amma don Allah a hwaɗa mani, wace akuya ce ke yin wanga?"

Na buɗe kwanonin, na nuna musu inda sawun ya dosa, don ramukansa suna nan cike da ruwa har bakin turken Alhaji. Wani dattijo ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa. Mai unguwa ya dubi Alhaji. Ni kuwa na tsaya ina jiran in ji an ce an zalunce ni, ko da kalma ɗaya ce.

Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya yi murmushi ya ce, "To, ai ba abin tada hankali ba ne. Gonata ce, in ma shanuna ne, duk abu ɗaya ne. A sake mata akuyarta, na yahe."

Ya yafe! Ku ji fa, shi ne ya yafe mini. Nan take dattawan suka ɗauka, "Madalla, Allah shi saka da alheri, Alhaji." Mai unguwa ya juyo gare ni fuska a sake ya ce, "To kin ji, Alhaji ya yahe. Yi mashi godiya."

Na ce, "Ranka shi daɗe, godiyar mi? Jiya da la'asar na binne ɗan akuyata a bayan rumbu, yunwa ta kashe shi uwarshi na kulle a garkarka kan laihin da ba ta yi ba. Shi Alhaji ya yahe abin da ba a yi mashi ba. Ni da aka yi mawa, ban yahe ba."

Aka hau salati, wai na yi rashin kunya a gaban manya. Har yau in aka tashi ba da labarin a garin, ba a cewa ranar da Alhaji ya kama akuyar da ba ta ci masa komai ba, sai dai a ce ranar da matar wane ta yi wa Mai unguwa tsiwa. Maigidana dai a ranar ya ba ni mamaki. Da kansa ya je ya karɓo akuyar, kuma a shekarar da fartanya ya yi huɗarsa, bai ƙara taka ƙofar Alhaji neman aron shanu ba.

Da aka shigo da ita ta fizge igiya ta ruga wurin 'ya'yanta. Biyun suka kama nono kamar za su cire shi. Tana shayar da su tana waige-waige, suna gamawa ta shiga zagaya tsakar gida tana shinshina kowane lungu tana kira. Kwana uku ta yi tana wannan neman.

Abin da na koya shi ne, doka komai kyanta, in ta faɗa hannun wanda ya fi tsoron faɗan shugabansa a kan tsoron Allah, marar ƙarfi take fara ci, kuma shi za a ce ya yi godiya. Yanzu ni ma ina da 'yar gonata, dabbobin mutane suna shigar mini, raina yana ɓaci kamar na kowa. Amma ban taɓa ɗaure wata ba sai na duba sawu na tabbatar ita ce, sannan in sunkuya in duba hantsarta. In na ga da nono, da kaina nake ja ta in mayar wa mai ita, mu yi rigimarmu daga baya.